Baƙonka Annabinka: har yanzu muna kai, ko a baki kawai ta rage?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Duk inda aka zo yabon 'yan Najeriya, abin da ake fara ambata shi ne karamci da son baƙo. Ban musa ba. Abin da ke damuna shi ne mun ɗauka abin a jini yake, ko mun kula da shi ko ba mu kula ba yana nan. Ni a ganina ba kyakkyawar zuciya kaɗai ta riƙe wa iyayenmu karamci ba, tsari suka yi masa. Gida ba ya cika gida sai da zaure. Matafiyi ya shigo gari da magariba, masallaci zai nufa. Bayan isha'i liman ko ladan ya tambaye shi daga ina, zuwa ina, a haɗa shi da yaro a kai shi wurin mai unguwa. Mai unguwa ya san gidan wa ke da ɗakin baƙi, ya san wa ke da hali a bana. Kafin baƙo ya gama wanke ƙafa akushi ya fito. Maƙwabta kuma kowa ya fito da tuwonsa ƙofar gida ana ciyayya, wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba ya zauna ya ci, babu wanda ya gane.

Yau fa? Mun yi katanga, mun ɗora mata waya, mun sa get. Zaure ya zama shago ko garejin mota. Masallatai da yawa ana kulle su bayan isha'i. Zuciyar tana nan, na yarda, amma ina baƙo zai bi ya iso gare ta? Ina son jin ra'ayinku, musamman 'yan'uwanmu mazauna kudu da waɗanda ba Hausawa ba.

Ɗan Sabo:
Wa alaikumus salam Baban Khalifa. Ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ni a Sabo ta Ibadan aka haife ni, unguwar da aka keɓe wa Hausawa tun 1916, kuma abin da ya gina ta kacokan saukar baƙi ne. Bafatake ya taso daga arewa da shanu, ko ya zo sayen goro, bai san kowa ba, ba ya jin Yarbanci. Wurin mai gida zai sauka. Mai gida ya ba shi ɗaki, a ba shi abinci daga cikin gida, ya ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillali. Mafi girma, idan mahauci ya ɗauki saniya bashi, mai gida ne ke tsayawa lamuni. Mahauci ya gudu, mai gida ya biya daga aljihunsa, don in bai biya ba sunansa ya ɓaci har Kano da Nguru, babu mai ƙara sauka wurinsa. Shi kuma yana samun rabonsa daga la'ada.

To ka ga alheri ne da sana'a a haɗe, kuma ban ga aibu a ciki ba. Haka aka yi a Shagamu, haka a Agege, haka tun zamanin da ayari ke zuwa Gwanja sayen goro, kowane zango da sarkinsa. Abin da ya sa ya daɗe kenan: mai saukarwa yana da abin karewa, mai sauka ma yana da wanda ya san shi.

Maman Ummi:
Sannunku da hira maza. Kowa na cewa "akushi ya fito", "a ba shi abinci daga cikin gida". Akushin nan da ƙafarsa yake fitowa?

Bari in faɗa muku yadda abin yake daga ciki. Ƙarfe goma na dare, an kashe wuta, an yi wanke-wanke, an rufe sauran tuwo don ɗumamen yara da safe. Sai yaro ya shigo da gudu: "Baba ya ce an yi baƙi, mutum huɗu." Ba za ki ce babu ba. Ki ɗauko tuwon yaran ki ɗumama miya ki aika, ki kwana kina lissafin abin da za su karya da shi. Da safe baƙi su yi ta sa wa maigida albarka, ke ko sunanki ba su sani ba. Mahaifiyata ta yi wannan har ta tsufa, ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba, ni ma ina yi, kuma ina fatan lada. Amma a lokacinta akwai rumbu a bayan ɗaki, akwai abokan zama da facaloli da ake raba aiki. Ni ni kaɗai ce a gidan haya mai ɗaki biyu, da mudu nake awo, da gas nake girki. Idan dangi suka zo daga ƙauye jinya a asibiti, majinyaci ɗaya ne amma masu rakiya uku, kuma babu ranar tafiya. Yarana a falo suke kwana.

Ba cewa nake a daina ba, Allah ya kiyaye. Cewa nake idan za a yi maganar raya karamci, a sa da mai hura wutar.

Bakatsine:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Ga kuma tsada. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500, a ƙarshen 2024 ta haye 1,000. Hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Mai albashin naira 70,000 da baƙo nawa zai iya?

Malamin Allo:
Allah ya saka wa Hajiya da alheri, ta tuna mana da haƙƙin da muke mantawa. Shari'a ba ta bar wannan babi a buɗe ba. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya ce wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira ya girmama baƙonsa. Kowa ya haddace wannan. Amma ci gabansa fa? An bayyana cewa kyautatawa ta musamman yini ne da dare, liyafa kwana uku ce, abin da ya wuce haka sadaka ne. Sannan aka ce bai halatta baƙo ya zauna wurin mai masaukinsa har ya ƙuntata masa ba. Wato baƙo ma akwai ladabi a kansa. Mu kuwa mun karantar da rabi mun bar rabi, shi ya sa mai gida ke jin kunyar magana, baƙo kuma yake ganin haƙƙinsa ne ya yi wata.

Ku duba ƙissar Annabi Ibrahim, alaihis salam, a Suratuz Zariyat. Baƙin da bai sani ba suka yi sallama, ya amsa, sai ya sulale zuwa wurin iyalinsa ya kawo ɗan maraƙi mai ƙiba, ya matsar musu da shi kusa. Bai tsaya tambayarsu ko za su ci ba. Wannan tambaya ta "a kawo abinci ne?" da ta shigo mana, wane baƙo mai kunya ne zai ce e? Idan ruwa da ƙuli kake da shi, ajiye masa a gaba da sakin fuska. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Maman Ummi:
Allah ya gafarta Malam, don Allah a riƙa faɗar rabin nan na biyu a huɗuba. Mu in mun faɗa sai a ce rowa ce.

'Yar Yerwa:
Ni ban yarda abin ya koma baki kawai ba, kuma da idona nake magana. A 2014 da Gwoza da Bama suka faɗa hannun Boko Haram, sannan Baga a farkon 2015, mutane suka yi ta kwararowa Maiduguri, wasu a ƙafa, ba takalmi. Duniya sansanoni ta gani a talabijin, amma mafi yawan waɗanda suka gudo ba a sansani suka zauna ba, a gidajen mutane suka zauna. A layinmu babu gidan da bai ɗauki wasu ba. Gidanmu aka kwashe kayan ɗakin ajiya aka zuba a tsakar gida aka rufe da leda, wata mata da 'ya'yanta suka shiga. Ba danginmu ba ce, a bakin masallaci Baba ya gan su. Tukunya ɗaya aka riƙa ɗorawa, aka rage wa kowa. Ba kwana uku ba Malam, shekaru aka yi. Ƙaramar 'yarta a gidanmu ta yi wayo, yanzu in ta zo Yaya take ce mini.

Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya shanye rabin gari, haka aka sake yi. Masu kwalekwale da matasa ne suka fara ciro mutane, unguwannin da ruwa bai kai ba mata suka yi ta dafa abinci a manyan tukwane ana kaiwa. Ga kuma Zannah Mustapha da ya buɗe makaranta a 2007 yana karɓar marayu, 'ya'yan waɗanda aka kashe da 'ya'yan waɗanda suka yi kisan a aji ɗaya, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen, ta masu taimaka wa 'yan gudun hijira, a 2017. Talaka bai daina ba, Baban Khalifa. Waɗanda suka yi get da waya su ne suka daina.

Baban Khalifa:
Allah ya saka wa mutanen Borno da alheri, 'yar'uwa, wannan babu mai ja. Amma ki lura, wannan karamcin ranar masifa ne. Idan wuta ta tashi kowa na ɗauko bokiti. Ni na ranar lafiya nake nema, na mutumin da motarsa ta lalace a garin da bai san kowa ba.

Direban Tirela:
To ga mai motar da ke lalacewa ya zo. Ina ɗaukar kaya daga Dawanau zuwa Onitsha da Fatakwal da Mile 12 a Legas, kuma zan faɗi abin da na gani ta kowane ɓangare.

Mota ta taɓa mutu mini a wani ƙauye a jihar Binuwai, giya ta ƙi shiga, sai an kawo kaya daga Makurɗi. Wata tsohuwa mai gida a bakin titi ta ga ni da yaron motata muna alwala da ɗan ruwan jarka. Ba ta jin Hausa sosai, ni ba na jin Tibanci. Ta aiko jikanta da bokitin ruwa, da yamma ta aiko da sakwara. Da ta ga mun tsaya muna kallon miyar, ta gane, ta koma ta kawo ɗanyen kifi da manja da tukunya ta nuna mana murhu, wai mu dafa da hannunmu. Har muka bar wurin ba ta karɓi ko sisi ba. Buhun albasa na ajiye mata da zan wuce a wata tafiyar.

Amma kuma ni ne nake bin hanyar Uromi a jihar Edo. A Maris na 2025 aka tare mafarauta 'yan arewa da suka taso daga Fatakwal za su gida sallah, aka kashe mutum 16, a kan zargi kawai. Tun daga ranar in na doshi wasu garuruwa ba na tsayawa ko fitsari. Yanzu kafin a tambaye ka ko ka ci abinci, an tambaye ka me ka ɗauko, kai wane ne. Tsoro ya shiga tsakani, kuma mai tsoro ba ya karamci.

Bakatsine:
Allah ya ji ƙansu. Amma Direba, tsoron nan ba kudu kaɗai ba. Mu nan yankin Batsari da Jibiya da Safana, in baƙuwar fuska ta kwana a gari hankalin kowa ba ya kwanciya, saboda an sha ganin masu kai wa 'yan bindiga rahoto. Mutum ya ci tuwonka ya ƙirga shanunka. Wa zai zargi wanda ya rufe ƙofa? Ni kaina ba zan saukar da wanda ban sani ba a ɗakin da ke jikin na iyalina, ko me za a ce.

Ɗan Sabon Gari:
Ina gaishe ku duka. Ni Ibo ne, iyayena daga Anambra, amma a Sabon Garin Kano aka yanke mini cibi, Hausa na fara ji kafin Turanci. Ina da abin faɗa, kuma don Allah a fahimce ni.

Wajen karɓar baƙo ban ga wanda zai koya wa wani a ƙasar nan ba. A garinmu ba a fara magana da baƙo sai an kawo goro an yi addu'a a kansa an fasa. A Kano kuwa naman layya da muke samu daga maƙwabta da abokan kasuwa sai mun rasa wurin ajiya, mu ma ranar Kirsimeti mahaifiyata takan sa a kira mahauci Musulmi ya yanka, don kowa ya iya ci. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, mai shagon layinmu littafi ya buɗe, ya yi ta ba mu kaya bashi ba tare da ya tambayi coci ko masallaci ba.

Matsalar ita ce mun iya karɓar baƙo, amma ba mu iya barinsa ya daina zama baƙo ba. Mahaifina ya tsufa a Kano, ya biya haraji, ya gina gida. Ni kuwa in zan nemi gurbin karatu ko aikin gwamnati, sai na tafi ƙaramar hukumar da ban taɓa yin wata guda a cikinta ba in karɓo takardar shaidar ɗan asali. Haka ɗan Hausawan Ama Hausa a Owerri, haka Ɗan Sabo da ke sama. Tsarin mulkin 1999 ya ba ka 'yancin zama da mallakar gida ko'ina a sashe na 41 da 43, amma shi ne kuma a sashe na 147 ya ce ministan da za a naɗa daga kowace jiha sai ɗan asalin jihar. A shekarun 1950 mutanen Enugu suka zaɓi Malam Umaru Altine, Bafulatani daga lardin Sakkwato, ya zama magajin garinsu na farko. Yau wane gari ne zai yi haka, kudu ko arewa?

Ɗan Sabo:
Wallahi ɗan'uwa ka faɗi abin da ke cina. Kakana a Ibadan aka binne shi. In na je Kano a ce ɗan kudu, in ina Ibadan a ce in koma garinmu. Rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan a Fabrairun 2021 daga cacar baki tsakanin mutum biyu ya fara, kafin ka ce kwabo an ƙona shaguna da gidaje, mutanen da aka haifa a wurin suna hawa mota wai za su "gida". Ko da yake, in faɗi gaskiya, na san gidajen Yarbawa da suka ɓoye maƙwabtansu har ƙura ta lafa.

Bakatsine:
Ɗan Sabon Gari, ban ƙi maganarka ba, amma takardar nan ba don ƙiyayya aka yi ta ba. Jihohin da aka bari a baya a boko in aka cire ta, guraben nasu ma wasu ne za su cinye. Baƙo raɓa ne, haka muka taso muka ji.

Ɗan Sabon Gari:
Na fahimci wannan tsoron, Malam, kuma ba na raina shi. Amma raɓa da hantsi take tafiya. Wanda kakansa ke kwance a maƙabartar gari fa? A sa sharaɗi mana, a ce wanda aka haifa a wuri ya yi firamare da sakandare a nan, a ƙirga shi. Kano ɗin ma ai haka ta zama Kano. Ayagi Yarbawa ne suka kafa ta, Tudun Nufawa sunanta ya faɗa, Zangon Barebari haka, Dandalin Turawa Larabawa ne. Jikokinsu yau Kanawa ne, babu mai tambayarsu takarda. Abin da birni ya iya tun zamanin Kasuwar Kurmi, me ya sa ya gagare mu yanzu?

Malamin Allo:
Tambaya ce mai nauyi, kuma kada mu yi gaggawar kare kanmu. Mu ma akwai jini a ƙasarmu. Bayan zaɓen 2011 an kashe masu yi wa ƙasa hidima a jihar Bauchi, yaran da iyayensu suka ba mu amana, a shirin da Janar Gowon ya kafa a 1973 don 'ya'yan ƙasa su san juna. Wanda ya yi kukan Uromi bai yi kukan wannan ba, ba baƙo yake tausaya wa ba, nasa yake tausaya wa.

Amma ga Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, jihar Filato. A Yunin 2018 da aka kai hari yankin, Kiristoci suka gudo, ya shigar da mata gidansa, maza masallaci, mutum 262 bisa ƙididdigar da gwamnatin Amurka ta bayar da ta karrama shi a 2019. Ya tsaya a waje ya hana maharan shiga, tsoho da shi. Kuma ya bayyana cewa filin da aka gina masallacin, Kiristocin garin ne suka bayar shekaru da dama da suka wuce. Da su ma a lokacin sun ce baƙi ne ba za a ba su fili ba, ina za a ɓuya ranar?

'Yar Yerwa:
Allahu Akbar. Wannan labarin duk sanda na ji sai jikina ya yi sanyi.

Direban Tirela:
Ni dai abin da zan roƙa ƙarami ne. A manyan tashoshi da garuruwan kan hanya, irin su Tafa da Lokoja da Mararrabar Jos, a samu ɗaki ko biyu a jikin masallaci ko coci, a sa mutum ɗaya da littafi. Ka nuna katinka, a rubuta sunanka da lambar motarka, ka kwana. Mai tsoro hankalinsa ya kwanta, matafiyi ya samu wurin sa haƙarƙari. 'Yan hidimar ƙasa ai suna yi, ƙungiyoyinsu na Musulmi da na Kirista duk suna da masauki a jihohi, sabon zuwa ba ya kwana a tasha.

Baban Khalifa:
Wannan shi ne aikin mai unguwa da liman na da, Direba, littafi kawai aka ƙara. Kuma ya amsa damuwar Bakatsine, tunda ba cikin iyali za a kai mutum ba. A masallacin unguwarmu akwai ɗakin da aka tara tsofaffin tabarmi da lasifikar da ta lalace. Zan kai wa kwamiti maganar ranar Juma'a in Allah ya kai mu. Ta Ɗan Sabon Gari kuwa ta fi ƙarfin kwamiti, sai 'yan majalisa, amma ni na koma bayanka a kanta.

Bakatsine:
Ɗakin masallaci na yarda, in dai da sanin mai unguwa da 'yan sintiri. Maganar takarda har yanzu ban gamsu ba. Sai an fara gyara makarantunmu tukuna.

Maman Ummi:
Baban Khalifa, in kun je kwamitin ku yanke maganar abinci tun a wurin. A sa asusu, ko a yi kwana-kwana tsakanin gidaje, kowace mace ta san ranarta tun da safe ta ƙara awo. Kuma ɗaki ɗaya ba zai yi ba, mata ma suna tafiya, da goyo ma. Ku tambayi matan unguwar wace ce za ta iya saukar da mace in dare ya yi mata, za ku samu fiye da yadda kuke zato. Ni a rubuta ni ranar Talata.